Saiwar da Ba Ta Son Ƙarfe

Haƙorina na gaba a bakin bazan na bar shi. Bazan shi ne wurin ɗiban ruwa na unguwa, gini ne na dutse mai bakin rijiya a ciki, inda mu masu sayar da ruwa muke jeruwa tun da safe da garewaninmu. A shekarun nan ne da yaƙin Turawa ya tsayar da jiragen ruwa, alhazai suka yi ƙaranci, Makka ta yi tsit. Abinci ya yi wuya, mutane kuma suka zama masu saurin hannu.

Mu uku ne a bukkarmu ta bayan Jarwal, wajen hanyar Utaibiyya: ni da Yayana da Inna. Babanmu a hanya ya rasu, a ƙasar Sudan, tun ban yi wayo ba. Ƙaninsa, Baffa, shi ya ƙaraso da mu, shi ne kuma mai magana a kanmu. Yana da rumfa a bakin lungu, yana liƙe garewani da dalma, yana gyaran fitilu da butoci.

Yaya ƙato ne. Yakan rataya garwa biyu cike a sanda, ya hau da su har saman dogayen gidajen nan na cikin gari bai tsaya ya huta ba. Wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi a tsakiyar bazara, ya tashi daga shi da farfaɗiya. Da farko a gida kawai take kama shi, mu kuma muka rufe bakinmu. A lokacin kowa ya yarda cewa wanda kumfar mai farfaɗiya ta taɓa, shi ma ya ɗauka. To wa zai sayi ruwan sha daga hannun irin wannan mutum?

Ranar da abin ya fito fili ina can bayansa a layi. Sai na ji garwa ta daki dutse. Yaya ya yi wannan kukan da na sani, kamar an shaƙe rago, ya zube daf da bakin rijiyar. Jikinsa ya sandare, sannan ya fara bugun ƙasa da kai da dugadugai. Kumfa ta fito.

"A janye shi! A janye shi daga ruwa!"

Ba wanda ya yarda ya sa masa hannu. Da sanduna suka janye shi. Kowannenmu yana da sandar rataya garwa, itace mai kauri wanda gumi ya sa ya yi santsi. Suka riƙa tura shi da bakin sanda kamar mushe, wanda ya ga turin bai yi masa sauri ba sai ya ɗaga ya maka. Wani ɗan Yaman ya soka masa tasa a haƙarƙari. Wani Bahaushe ɗan uwanmu, wanda muke cin ƙwarya ɗaya da shi da rana, ya zuba masa a kafaɗa yana cewa, "Za ka kashe mana ruwa! Za ka kashe mana ruwa!"

Na yar da garewanina na faɗa kansa na rufe shi. Duka ya koma bayana. Na ɗago kai in ce musu ya isa, sai wata sanda ta same ni a baki. Ban ji zafi ba sai daga baya, na dai ji wani abu kamar tsakuwa a kan harshena, na tofar. Shugaban masu ruwa yana tsaye a bakin ƙofa yana ba da umarni a wanke daɓen da toka. Ya nuna Yaya da ƙafa ya ce mini, "In na sake ganinsa a nan, kai ma ka bar bazan."

A bayana na goyo shi har gida, ƙafafunsa suna jan ƙasa.

Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari kamar yadda ta baro ta a gida. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta taɓa shi a gaban mutane. "Wancan" take cewa, ko "yayanka". Da muka shigo ta dube mu sau ɗaya.

"Kwantar da wancan a inuwa," in ji ta.

Ta jiƙa tsumma ta goge mini baki, sannan ta matse shi ta miƙo mini in goge masa. Ta koma ga turminta. Na lura dai taɓaryar tana dukan gefen turmi, abin da ban taɓa jin ya faru a hannunta ba.

Baffa ya zo da la'asar, labari ya riga ya kai masa.

"Kun ɓoye mini, ko? Ni ne baƙo a gidan nan? Yau a kasuwa nake jin ɗan wana ya yi kumfa a bazan!"

Shi a wurinsa ba ciwo ba ne, aljani ne, aljani kuwa ƙarfe yake tsoro. Bai daɗe da zama ba abin ya sake tasowa. Baffa ya zaro cokali daga aljihu, ya danne goshin Yaya da gwiwa, ya cusa shi tsakanin haƙoran da suka datse. Ya murɗa. Na ji ƙas. Ya tura masa mabuɗi a tafin hannu ya matse yatsun a kai. Da Yaya ya farfaɗo, jini ne cike da bakinsa, turmin haƙorinsa ɗaya ya rabe biyu.

"Ka gani?" in ji Baffa. "Da ya ji ƙarfe ya sake shi."

Kullum haka farfaɗiyar take sakinsa, da cokali ko babu. Amma ba a gaya wa Baffa irin wannan magana.

Bayan 'yan kwanaki ya ce za mu Kudai. A lokacin Kudai ba gari ba ne, kwari ne tsakanin baƙaƙen duwatsu, sai 'yan bukkoki da awaki. Akwai wani mutum a can da ake cewa yana fitar da aljanu. Siriri ne, mai jan gemu, yana magana a hankali kamar mai sayar da turare. Ya sa aka kwantar da Yaya rigingine, aka ɗaure ƙafafunsa biyu a jikin itace, ƙarti suka ɗaga itacen. Ya zaro reshen dabino figagge daga cikin tulu, inda yake jiƙa su don kada su karye.

Da na gane abin da za a yi na yunƙura. Wasu suka kama ni, suka murɗe mini hannu ta baya, suka danna fuskata a jikin ginshiƙin rumfar. Daga nan na kalli komai.

A tafin ƙafa ya fara. Kowane bugu sai ya tambaya da Larabci, "Wane ne kai? Ta ina ka shiga?" Yaya ya daure, ya daure, yana cizon leɓe. Fatar ta yi ja, ta yi baƙi, ta fashe. Reshe ya karye aka miƙo wani. Daga ƙafa ya hau ƙwauri, daga ƙwauri ya koma haƙarƙarin da sandunan bazan suka riga suka farfasa. A nan ne Yaya ya buɗe baki. Larabcinsa ya gudu, sai Hausa.

"Baffa, ni ne! Baffa, don Allah, ni ne!"

Mutumin ya tsaya ya ɗaga yatsa. "Kun ji? Ya fara magana da yarensu."

Na juya na dubi Baffa. Ya ji kowace kalma. Da wannan harshen ya yi wa yaron nan wasa a bayan jaki tun daga gida har bakin teku. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Ci gaba," in ji shi.

Aka ci gaba har farfaɗiyar ta zo a tsakiyar duka. Mutumin ya yi kabbara, ya ce ga shi nan yana neman hanyar fita, ya soka wa Yaya tsinke a ƙarƙashin farcen babban yatsa don ya buɗe masa ƙofa. A kan jaki muka dawo da shi, an kifa shi kamar buhu.

Inna ta fito ta ga ƙafafun. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta durƙusa kamar yadda ta saba gaida ƙanin mijinta.

"Sannu da ƙoƙari, Baffan yara."

"Za a sake komawa in bai fita ba," in ji Baffa. "In ya ƙi, akwai wuta."

Wuta tana nufin lalas, a sa ƙarfe a garwashi har ya yi ja, a ɗora wa mutum a tsakar ka. Mun san wani a unguwarmu da aka yi wa. Raunin ya ruɓe, ƙudaje suka bi shi har kabari.

Aikin Inna daka ne. Tana daka wa wani tsoho mutumin Buhara, mai shagon magunguna da kayan ƙamshi a kasuwar da ke kusa da Harami: lalle, citta, ɓawon rumman, duk abin da ya aiko. Larabcinta bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, don haka ranar da ta yi niyyar yi masa magana ta ce in bi ta in zama bakinta.

Tsohon ya saurare mu har ƙarshe bai katse mu ba. Ya tambayi yadda Yaya yake faɗuwa, da ko yana tuna wani abu in ya tashi. Da na ba shi labarin Kudai ya rufe ido ya girgiza kai. Sai ya hau kan akwati, ya sauko da wata jakar fata daga can sama, ya zazzage ta a kan tabarma.

Saiwoyi ne busassu, kowace kamar yatsan babban mutum, bayansu ja-ja mai duhu, masu tamoji. Ya ce sunanta fawaniya. A ƙasarsu, in ji shi, a gindin duwatsu take fitowa bayan ƙanƙara ta narke, furenta ja ne, girman dunƙulen hannu. Alhazai ke kawo masa. Ya ce wani alhaji ma'aikacin jirgin ruwa ya taɓa ganinta a shagon ya gane ta, ya ba shi labari cewa har can Amurka akwai 'yar uwarta ta daji, mutanen asalin ƙasar suna haƙo ta a tsauni su dafa wa mai tari da mai ciwon ƙirji. Shi kuma yana ba da ita ga mai ciwon ciki, da mai jego in jini ya ƙi tafiya daidai, da wanda ke firgita cikin barci. Amma an fi saninta da mai faɗuwa. A rataya masa guda a wuya, a ƙona kaɗan ya shaƙi hayaƙin, a jiƙa kaɗan ya sha.

"Gaya wa hajiya ban ce za ta warkar da shi ba," in ji shi. "Na ga waɗanda ta sauƙaƙa wa, na ga waɗanda ba ta yi wa komai ba. Waraka ta Allah ce."

Ya ɗauki guda ya ɗora a kan dutse, ya sa wani dutsen ya fasa ta. Cikinta fari ne kamar rogo. Ya ba ni ɗan ɓarɓashi na ɗanɗana: zaƙi ya fara zuwa, sannan ɗaci ya biyo ya zauna a maƙogwaro.

"Ka ga da me na fasa ta? Ƙarfe ba ya taɓa ta. Ba wuƙa, ba almakashi, ba turmin ƙarfe. In ƙarfe ya taɓa ta, ta zama itacen hura wuta."

Na juya wa Inna maganar kamar yadda ya faɗe ta. Ta ɗago kai.

"Sake tambayarsa. Kowane irin ƙarfe?"

"Kowane iri," in ji tsohon.

"Har cokali?"

Ya yi dariya. "Har cokali."

Da muka isa gida ta murza zaren auduga a cinyarta, ta ɗaure saiwa guda, ta miƙo mini in rataya wa Yaya. Ta jira har la'asar, lokacin da matan lungu suke fitowa bakin ƙofa, Baffa kuma yake biyowa ya duba mu. Sai ta ɗaga murya, ita da ba a jin muryarta daga bayan zana.

"Jama'a ku shaida. Malamin Buhara ya ba wancan magani, kuma da sharaɗi. Ƙarfe ba ya taɓa saiwar nan, ba ya taɓa wanda ke rataye da ita. Duk wanda ya sa masa ƙarfe, ko ya ɗaga masa sanda, ciwon zai bar shi ya koma kansa."

Na buɗe baki, don ni na ji abin da tsohon ya faɗa, rabin wannan bai fito daga bakinsa ba. Inna ta ɗora dugaduginta a kan yatsun ƙafata ta danna. Na rufe bakina.

Baffa ya yi tsaki. "Wane irin magani ne wannan mai tsoron cokali?"

"Irin wanda ba ya karya haƙori," in ji Inna, idonta a ƙasa.

Matan suka ƙunshe dariya a gyale. Baffa ya kai hannu aljihu inda cokalin yake, ya dubi Yaya, ya dubi saiwar. Bai fito da shi ba.

Daga ranar gidanmu ya rabu da ƙarfe. Wuƙa da allura da tukunyar ƙarfe duk suka koma wurin maƙwabciya. Muka dawo tukunyar ƙasa da ludayi da akushi. Garewanina a waje nake barinsu. Gashin Yaya ya taru har ya fara kama da na mahaukaci, don aska ma ƙarfe ce, sai Inna ta fasa kwalba ta zaɓo mini ɓangare mai kaifi.

"A hankali, kai! Kai nake ba ka ko kabewa?" in ji Yaya.

"To ka daina motsi."

"Ina motsi? Kunnena ne a hannunka!"

Kowane aski sai na bar masa zane uku ko huɗu. Yaran lungu suka sa masa Shehun Kwalba, shi kuma ya karɓa, har yakan ɗaga musu hannu kamar mai sa albarka.

Da ƙafafunsa suka warke ya koma aiki, amma ba a bazan ba. Ya sami tsohuwar salka, yana ɗebo ruwan zartsi daga wata rijiya mai nisa yana kai wa magina su kwaɓa ƙasa. Su ba ruwansu da kumfa, tunda ba sha za su yi ba. In ya biyo lungu da salkarsa, sai ka ga maza masu wuƙa a ɗamara suna mannewa da bango suna ba shi hanya. Wannan Bahaushen da ya doke shi a bazan, in ya hango shi, sai ya sauke sandarsa ƙasa tun daga nesa.

Ruwan saiwar ya kwantar masa da tarin da ya samu tun dukan haƙarƙari, wannan na gani da idona. Matan lungu suka fara zuwa roƙo, wannan 'yarta ta haihu, waccan cikinta na murɗawa, Inna ta gatsa musu kaɗan da haƙori. Faɗuwar kuwa ba ta daina ba. Inna ta ce ta ragu. Ni ban iya rantsewa ba. Abin da na sani shi ne, in ya faɗi sai in juya shi a kan gefensa in sa masa zane a ƙarƙashin kai, kowa ya tsaya nesa, ya gama ya tashi da haƙoransa yadda ya kwanta da su.

Haka muka ci wata da watanni, har ranar da ta kama shi a gaban rumfar Baffa. Ya zube cikin tarin garewanin da mutane suka kawo gyara, ya yi ta birgima a cikinsu, bakin wata ya tsaga masa goshi. Masu garewanin suka ce ba za su karɓi abin da kumfa ta taɓa ba. Aka daina kawo wa Baffa aiki. Ya zauna a rumfa shi kaɗai yana kallon dalmarsa tana sanyi, yana kuma tunani. Ƙarfe ya taɓa yaron daga kai har ƙafa, ga shi shi Baffa da hannunsa ya janye garewanin daga jikinsa, ciwon kuwa bai koma kansa ba.

Da hantsi suka zo, ranar da suka san Inna tana daka a can ƙarshen lungu. Baffa ne a gaba, sai wani Badawi tsoho, Balaraben ƙauye mai yin lalas, da jakar fata da kasko, sai ƙarti daga bazan, har da Bahaushen nan namu. Yaya yana zaune yana shafa wa salkarsa mai.

"Ƙaryar ta ƙare," in ji Baffa. "Ku kama shi."

Suka faɗa masa gaba ɗaya. Ya watsar da na farko ya bugu da turken bukka, amma sun yi masa yawa. Suka kifa shi, wani ya zauna masa a gadon baya, wasu suka take hannayensa. Na fizgo sandata daga bakin ƙofa na kai wa na kusa da ni. Ta same shi a kunne, jini ya yi tsartuwa har jikin zana. Ban sami kai ta biyu ba. Aka share mini ƙafafu, wani ya sa gwiwa a wuyana, aka ja hannuna ta baya har na ji kafaɗar ta fita daga gurbinta. Ƙasa ta cika mini baki ta wannan gurbin haƙorin.

Badawin bai ko dube mu ba. Ya tsuguna yana fifita garwashi, ya jera ƙusoshi masu ƙotar itace a ciki. Ya sa yatsa ya laluba tsakar kan Yaya, ya tofa yawu a wurin don alama.

Baffa ya zaro wuƙa. Ya sa ta a ƙarƙashin zaren da ke wuyan Yaya ya fizge, ya jefar da saiwar gefe.

"Ga maganin naku. Bismilla, ya shehu."

Badawin ya zaro ƙusa ɗaya. Bakinta ya wuce ja, ya koma kamar ruwan lemo. Ya dafe kan Yaya da hagu, ya ɗaga dama.

Ban ji shigowar Inna ba. Muryarta na ji. Sunan Yaya ta kira, sunansa na yanka, wanda tun da aka haife ni ban taɓa ji a bakinta ba. Kafin kowa ya juya ta iso, ta miƙa hannun dama ta cafke ƙusar ta wajen wutar.

Ta yi cuu, kamar an jefa nama a mai. Hayaƙi ya fito ta tsakanin yatsunta. Warin ya cika bukkar. Badawin ya ja, ta riƙe. Ya sake ja, ta riƙe, sai ya saki ƙotar ya ja da baya da gindi. Inna ba ta yi ƙara ba. Gumi ne kawai ya keto mata. Ta juya ta miƙa wa Baffa hannun da ƙusar a ciki.

"Ga ƙarfe, Baffan yara. Ya ci wani a gidan nan. Ya ishe ka, ko a ƙara?"

Gwiwar da ke wuyana ta ɗaga. Waɗanda ke kan Yaya suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Badawin ya kife kaskonsa a ƙasa, ya tattara ƙusoshinsa.

"A'uzu billahi. Na yi wa raƙuma, na yi wa maza," in ji shi. "Ba na aiki a gidan da uwa ta riƙe wuta." Ya fita bai nemi ƙusarsa ba.

Saura Baffa, da wuƙa a hannu. Yaya ya miƙe. Na manta tsawonsa sai a ranar, kansa yana taɓa rufin bukka, ƙasa da jini a fuskarsa. Na ce a raina yau za a yi kisa. Ya kama wuyan hannun Baffa ya matse har wuƙar ta faɗi. Ya cakumi rigarsa ta ƙirji, ya ɗaga shi sama kamar salka, ya kawo fuskarsa daf da tasa.

"Baffa," in ji shi a hankali. "Ni ne."

Ya fita da shi ƙafafunsa na lilo, ya kai shi tsakiyar lungu a gaban matan da suka taru, ya sake shi ya faɗi.

Sai da muka zuba ruwa kafin yatsun Inna su buɗe. Ƙusar ta fita da fatar tafin hannun. Tana zaune jingine da turke, ta nuna ƙasa da haɓa.

"Miƙo mini ita."

Na lalubo saiwar cikin ƙura da hannuna mai lafiya. Ta juya ta da hagu tana dubawa. Wuƙar Baffa ta karce ta a gefe ɗaya, farin cikinta ya fito. Inna ta sa haƙori ta gatse wurin, ta tofar.

"Inda ƙarfen ya taɓa ya fita. Ɗaura wa wancan."

Ni da Yaya muka haɗa hannu muka ƙulla zaren, shi da nasa biyu, ni da nawa ɗaya.

Hannun ya ɗauki lokaci mai tsawo. Tsohon Buhara ya aiko da man shafawa, ya kuma riƙa aiko da daka ko da ya san ni da Yaya muke yi. Da ya warke, yatsun sun lanƙwashe ciki ba su sake miƙewa ba. Ta koyi riƙe taɓarya da hagu tana tallafawa da wuyan hannun dama. Baffa bai sake taka bukkarmu ba. In sun haɗu a lungu takan durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa.

Wata rana ina shafa mata man, mu biyu kaɗai, na ce, "Inna, tsohon nan fa saiwar kawai ya ce kada ƙarfe ya taɓa."

"Na ji abin da ya ce."

"To sauran fa?"

"Shi saiwa ya sani," in ji ta. "Ni Baffanku na sani. Shafa nan, ka bar surutu."

Yaya ya rayu har ya yi furfura. Farfaɗiyar ba ta rabu da shi ba, saiwar ma ba ta bar wuyansa ba, in wata ta ƙare a sayo wata a fasa da dutse. Ba wanda ya sake ɗaga masa sanda ko ya nufo shi da ƙarfe. Ni na ci gaba da yi masa aski da kwalba har ƙarshe, ko bayan da babu sauran mai tilasta mana, kuma duk tabon da ke kansa nawa ne. Inna kuwa ba ta ƙara kiran sunansa ba.